Ƙuri'ar da ba ta da gida: masu sha'awar jinsi biyu 'yan Libateriyan a zaɓen Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu gyara wani kuskure da ke yawan fitowa a rahotannin Hausa duk sanda zaɓen Amurka ya ƙarato. Da zarar an ambaci masu neman jinsi ɗaya da dangoginsu, sai a yi musu kuɗin goro, a ce dukkansu 'yan Dimokurat ne, abu ɗaya suke so, kuma ƙuri'arsu tana aljihun jam'iyya ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin mafi yawansu can suka karkata. Amma a cikinsu akwai wani rukuni da wannan lissafi ba ya ɗauka, wato masu sha'awar jinsi biyu, maza da mata duka, waɗanda a siyasa suke bin ra'ayin Libateriyan. Wanda ya bi diddigin yadda wannan ƙaramin rukuni ke jefa ƙuri'a zai gane yadda injin zaɓen Amurka yake juyawa, domin duk inda injin yake da tangarɗa a kansu take fara bayyana.

Matsayin addini da na dokar Najeriya a kan wannan al'amari sananne ne ga mai karatu, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Batunmu lissafin ƙuri'a ne a wata ƙasa, kuma wajibi ne a kan mai ba da labari ya faɗi abu yadda yake, ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Ɗan Libateriyan shi ne mai cewa gwamnati ta cire hannunta daga aljihun mutum, ta kuma cire idonta daga ɗakin kwanansa. A rage haraji, a daina kai yaƙi ƙasashen waje, a bar wa mutum bindigarsa, kar a ɗaure kowa saboda tabar wiwi, kuma abin da baligai suka amince da shi a tsakaninsu ba hurumin ɗan sanda ba ne. A kasuwar siyasar Amurka, rabin wannan kaya yana rumfar Rifablikan, rabi yana rumfar Dimokurat. Babu babbar jam'iyyar da ke sayar da shi a dunƙule.

Mu fara da yawansu. Kamfanin Gallup ya fara ƙidaya a 2012, ya samu kashi 3.5 cikin 100 na baligan Amurka suna sanya kansu cikin wannan babban rukuni da ake taƙaitawa da LGBT. A binciken 2024 adadin ya kai kashi 9.3. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne fiye da rabinsu, kashi 56 cikin 100, masu sha'awar jinsi biyu ne. Su ne masu rinjaye, amma su ne aka fi rashin gani. Cibiyar Pew ta nuna dalili a binciken da ta yi a 2013: kashi 28 kacal na masu sha'awar jinsi biyu suka ce duka ko yawancin makusantansu sun sani, alhali a maza masu neman maza kashi 77 ne, a mata masu neman mata kashi 71. Cikin waɗanda ke da tsayayyen abokin zama kuwa, kashi 84 suna tare da wanda ba jinsinsu ba ne.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne mabuɗin zancen. Mace ce da mijinta da 'ya'ya biyu, ko namiji ne da matarsa da shagon gyaran mota. A takardar haraji da ta asibiti da ta makarantar yara, ba su da bambanci da maƙwabtansu. Dokar auren jinsi ba ta taɓa rayuwarsu ta yau da gobe kai tsaye, don haka suna da sararin da za su auna ɗan takara da haraji, da lasisin sana'a, da tsadar gida, da yaƙi. Sai dai ba su da cikakken kwanciyar hankali, domin aure na iya mutuwa, abokin zama na gaba yana iya zama jinsinsu, kuma maganar da ɗan siyasa ya yi a kan dandamali tana shiga kunnensu ko da maƙwabci bai san da su ake ba.

Daga ina kuɗin goron ya samo asali? Daga tambayoyin da ake yi wa mutane sa'ad da suke fitowa daga rumfar zaɓe. A 2016 an ruwaito Donald Trump ya samu kashi 14 na wannan rukuni, a 2020 aka ce kashi 27, a 2024 kuma aka ce ya koma wajen kashi 13. Mai karatu zai ɗauka miliyoyin mutane ne suke ta kai da komo. A duba yadda ake haɗa alƙaluman. Tambayar guda ɗaya ce, ta haɗa kowa da kowa, amsarta e ko a'a, ba ta ware mai sha'awar jinsi biyu daga sauran. Sannan ba kowa ake yi wa ita ba, domin ana raba takardun tambaya gida-gida. A ce an tambayi mutum 15,000, wannan tambaya ta faɗa kan kashi ɗaya cikin huɗu, mutum 3,750 ke nan. Idan kashi 7 suka ce e, an samu mutum wajen 260. Da irin wannan adadi kuskuren lissafi yana kai maki shida sama ko ƙasa. A raba 260 biyu, a sake tsamo masu ra'ayin Libateriyan daga ciki, sai a ga abin da ya rage bai cika bas ɗaya ba. Ƙari a kan haka, wanda bai faɗa wa ɗan'uwansa ba, da wuya ya rubuta wa baƙo a bakin rumfa.

Tarihi ya ba wannan mai zaɓe dalilin kallon jam'iyyar Libateriyan da idon rahama. An kafa ta a Disamba 1971 a jihar Kolorado, David Nolan na cikin jagororin. Tun daga farko ta nemi a soke dokokin da ke hukunta abin da baligai suka yi da yardarsu, a lokacin da mafi yawan jihohi suke da irin waɗannan dokoki a littafi. Manyan jam'iyyun sun makara ƙwarai. Bill Clinton, ɗan Dimokurat, shi ya sa hannu a 1996 kan dokar da ta hana gwamnatin tarayya amincewa da auren jinsi, bayan ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 85 da 14. Barack Obama bai fito ya goyi bayan irin wannan aure ba sai Mayu 2012. Da Kotun Ƙoli ta soke ragowar dokokin hukunci a shari'ar Lawrence da jihar Texas a 2003, alƙali Anthony Kennedy ya ambaci bayanin da Cibiyar Cato, matattarar masanan Libateriyan, ta miƙa wa kotun.

Amma jam'iyyar ma tana da tabo. Bob Barr, ɗan majalisar da ya gabatar da waccan doka ta 1996, shi ne ta tsayar takarar shugaban ƙasa a 2008, bayan ya ce ya sauya ra'ayi. Ya samu ƙuri'a dubu ɗari biyar da 'yan kai.

Inda ra'ayi ya fi cin karo da zahiri shi ne batun aure. Amsar da ɗan Libateriyan ya saba bayarwa ita ce gwamnati ta fita daga harkar aure gaba ɗaya, kowa ya je coci ko masallaci ko wajen lauya ya ƙulla abinsa. Maganar tana da daɗin ji, amma ofishin binciken ayyukan gwamnatin tarayya ya ƙirga a 2004 ya samu wurare 1,138 a dokokin tarayya inda kasancewar mutum da aure ke sauya haƙƙinsa ko nauyinsa. Takardar zama ƙasa ga miji ko mata baƙi, fanshon wanda aka mutu aka bari, haɗa takardar haraji, haƙƙin ƙin ba da shaida a kan abokin aure a kotu, duk suna rataye da wannan kalma. Yarjejeniyar lauya ba ta tilasta wa hukumar shige da fice komai. Edith Windsor ta biya harajin gado dala 363,053 bayan rasuwar abokiyar zamanta, kuɗin da ba za a karɓa ba da mijinta ne ya rasu, kuma ƙararta ce ta karya ginshiƙin dokar 1996 a Yuni 2013. Ga ɗan Libateriyan wannan shari'a ta haɗa abubuwa biyu da ya fi ƙi, haraji da wariya daga hannun gwamnati. Jihar Alabama ta gwada rabin hanya a 2019: ta daina ba da lasisin aure, ma'aurata su cike fom, a buga masa hatimin shaida, su kai ofishin alƙali a adana. An cire bikin gwamnati, amma rajistar tana nan, kuma duk haƙƙoƙin nan har yanzu daga rajistar suke fitowa.

Sai batun kek, wanda ya raba kan 'yan gida ɗaya. A 2012 wani mai gasa kek a Kolorado, Jack Phillips, ya ƙi yi wa wasu maza biyu kek na biki saboda addininsa. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2018 da alƙalai 7 da 2, amma a kan siririn dalili, cewa hukumar jihar ta nuna wa addininsa ƙiyayya wajen sauraren ƙarar. A 2023, a shari'ar wata mai tsara shafukan intanet, kotun ta faɗaɗa hukuncin da alƙalai 6 da 3. Ƙungiyoyin kare haƙƙin LGBT sun ɗauki wannan a matsayin koma baya. Ɗan Libateriyan na asali kuwa yana tare da mai kek, domin a ganinsa 'yancin da ya ba shi damar zaɓar abokin zama shi ne ya ba mai shago damar zaɓar aikin da zai karɓa. Gary Johnson, ɗan takarar jam'iyyar a 2016, ya ce a tilasta wa mai kek ya gasa, kuma 'yan jam'iyyarsa da yawa ba su yafe masa ba. Mai sha'awar jinsi biyu da ke cikin wannan tafiya yana tsakiya, gaba kura baya siyaki. Idan ya goyi bayan mai shago, abokansa na can za su ce ya sayar da su. Idan ya goyi bayan dokar hana wariya, 'yan jam'iyya za su ce ya bar aƙida. Abin ya fi tsanani a wurin aiki. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Bostock na 2020, wanda alƙali Neil Gorsuch ya rubuta, ya hana mai kamfani da ke da ma'aikata 15 ko fiye korar mutum saboda jinsin da yake sha'awa. Aƙida tana cewa gwamnati ba ta da hurumi a kamfanin mutum, amma albashin wata yana ƙarƙashin inuwar wannan hukunci.

Yanzu ga injin kansa. Shugaban Amurka wakilan zaɓe 538 ne suke naɗa shi, mai 270 ya ci. A jihohi 48 wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ce tazarar, shi ke kwashe wakilan jihar duka. Maine da Nebraska ne kawai suke rabawa. Babu sharaɗin kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi irin na Najeriya, babu zagaye na biyu. Saboda haka ƙuri'ar jam'iyya ta uku ba ta haifar da kujera, sai dai ta rage wa wani. A 2020 Jo Jorgensen ta Libateriyan ta samu ƙuri'a wajen 62,000 a Jojiya, inda Joe Biden ya ci da tazarar 11,779. A Arizona ta samu sama da 51,000, tazarar kuwa 10,457. A Wisconsin ta samu sama da 38,000, tazarar 20,682. Shi ya sa manyan jam'iyyu suke kallon 'yan Libateriyan a matsayin 'yan a-fasa-kowa-ya-rasa. Zargin ba cikakke ba ne, domin da yawa daga masu wannan ƙuri'a da ba su ga sunan ɗan takararsu ba a gida za su zauna. Amma ma'anarsa ga mai zaɓe a fili take: a Kalifoniya ko Oklahoma, inda an san mai ci tun kafin a buɗe rumfa, ƙuri'ar aƙida kyauta ce. A Jojiya ko Arizona tana da farashi, kuma farashin yana iya zama alƙalin Kotun Ƙoli. Bayan alƙali Clarence Thomas ya rubuta a Yuni 2022 cewa ya kamata a sake duba hukuncin Lawrence da na auren jinsi na 2015, wannan farashi ya daina zama zancen littafi.

Misali mafi kusa da batunmu ya faru a mazaɓa ta tara a Arizona, Nuwamba 2012. Kyrsten Sinema ta Dimokurat ta kara da Vernon Parker na Rifablikan. An yi kwanaki ana ƙirga kafin a bayyana sakamako. Ta ci da tazarar wajen ƙuri'a 10,000, ta zama mutum na farko mai bayyana sha'awar jinsi biyu da ya shiga majalisar tarayya. Ɗan takarar Libateriyan, Powell Gammill, ya samu sama da ƙuri'a 16,000, fiye da tazarar. 'Yan Rifablikan na jihar sun riƙe abin a zuciya, kuma a 2015 majalisar jihar ta sauya lissafin sa hannun da ake buƙata ta yadda ya yi wa 'yan takarar Libateriyan wuyar shiga takarda. Ita Sinema ba 'yar Libateriyan ba ce, daga jam'iyyar masu kare muhalli ma ta faro. Amma tafiyarta ta rushe kuɗin goron da muke magana. A majalisar dattawa ta ƙi ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a Maris 2021, ta kare ƙa'idar da ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin yawancin ƙudurori su wuce, har jam'iyyarta ta jihar ta tsawata mata a hukumance a Janairu 2022, sannan ta shiga cikin waɗanda suka sasanta dokar kare auren jinsi da ta wuce da ƙuri'a 61 da 36 a Nuwamba 2022. Sirrin wucewar dokar shi ne sakin layin da ya kare cibiyoyin addini daga tilas, wanda ya jawo sanatocin Rifablikan 12. A Disamba ta bar jam'iyyar, kuma ba ta sake tsayawa a 2024 ba.

Jojiya tana da tata ƙa'idar: a kujerar sanata dole sai an haye rabin ƙuri'u. A 2022 Chase Oliver na Libateriyan, wanda bai ɓoye cewa namiji yake nema ba, ya samu kashi 2 da ɗan ɗori. Raphael Warnock na Dimokurat ya tsaya a 49.4, Herschel Walker na Rifablikan a 48.5, dole aka koma zagaye na biyu ranar 6 ga Disamba. A irin wannan tsari mai zaɓe yana iya ba aƙidarsa ƙuri'ar farko, ya ajiye ta biyu domin wanda ya fi dama-dama. Matsalar ita ce mutane suna raguwa a zagaye na biyu, kuma kuɗin sake zaɓe daga harajin da yake ƙorafi a kai ake cire shi.

Kafin a kai ga wannan duka, sai sunan ɗan takara ya hau takardar ƙuri'a, kuma a nan ne ƙananan jam'iyyu suke ƙarar da ƙarfinsu. Kowace jiha da dokarta. Illinois tana neman sa hannu 25,000. New York ta ɗaga nata zuwa 45,000 a 2020, a tara cikin makonni shida, kuma jam'iyya ba za ta riƙe matsayinta ba sai ta samu ƙuri'a 130,000 ko kashi 2, wanda ya fi yawa, duk shekara biyu. Aikin da kansa haka yake: mutum ne tsaye a bakin babban kanti da allo da biro, yana tare masu fitowa da kaya, yana tambaya ko suna da rajista a wannan jiha. Mai sa hannu ya rubuta suna da adireshi daidai da na rajistarsa. Wanda ya tashi daga tsohon gida bai sabunta ba, an soke. Wanda ya sa hannu sau biyu, an soke. Rubutun da ba ya karantuwa, an soke. Idan mai tarawa ya yi kuskure a rantsuwar da ke ƙasan shafi, shafin gaba ɗaya yana iya tafiya. Lauyoyin babbar jam'iyya kuma suna bin layi ɗaya bayan ɗaya suna ƙalubalanta. Don haka masu tarawa sukan nemi ƙarin rabi ko ninkin abin da doka ta ce. Kuɗin da ya kamata a yi talla da shi a nan yake narkewa. Sama da wannan akwai katanga biyu: kashi 15 a ƙuri'ar jin ra'ayi kafin a gayyaci ɗan takara muhawara, da kashi 5 na ƙuri'un ƙasa kafin jam'iyya ta cancanci tallafin kuɗin gwamnati. Gary Johnson ya kafa tarihin jam'iyyar a 2016 da ƙuri'a kusan miliyan 4.5, kashi 3.3, bai haye ko ɗaya ba.

Daga 2022 gidan kansa ya dare. A babban taron Reno na watan Mayu, wani ɓangare da ke kiran kansa da sunan masanin tattalin arziki Ludwig von Mises ya karɓe shugabanci, Angela McArdle ta zama shugaba. Sun cire jimlar da ke la'antar ƙyamar mutane daga kundin manufofi, suka maye gurbinta da mai laushi, suka kuma cire sashen zubar da ciki. Manufarsu jawo matasa masu ra'ayin riƙau. A taron Washington na Mayu 2024 suka gayyaci Trump. An yi masa ihu, amma ya yi alƙawarin sassauta wa Ross Ulbricht, wanda ke zaman ɗaurin rai da rai kan kasuwar ƙwaya ta intanet, kuma ya yafe masa a Janairu 2025. Wakilai sun kai zagaye bakwai kafin su tsayar da Chase Oliver, kuma a zagayen ƙarshe, inda abokin karawarsa shi ne zaɓin "babu ko ɗaya", fiye da kashi ɗaya cikin uku sun gwammace jam'iyya ta tashi ba ɗan takara. Reshen Kolorado ya yi yunƙurin sa Robert Kennedy ƙarami, ɗan takara mai zaman kansa, a madadinsa. Oliver ya ƙare da ƙuri'a wajen 650,000, kashi 0.4, kashi ɗaya cikin uku na abin da Jorgensen ta samu. Mai sha'awar jinsi biyu da ya shiga jam'iyyar saboda tarihinta ya ga da idonsa cewa wasu 'yan gida sun gwammace faɗuwa da su bi ɗan takara irinsa. A ganinmu wannan ya fi duk wata dokar sa hannu yi wa jam'iyyar illa, domin ta taɓa abin da ya bambanta ta da sauran tun 1971.

To me ya rage masa a aikace? Abu na farko da zai duba shi ne rajista. A jihohi irin su Florida da Pennsylvania da New York, wanda ya yi rajista da Libateriyan ya rufe wa kansa ƙofar zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu, alhali a mazaɓu da yawa can ne ake yanke hukunci na gaskiya. Shi ya sa masu dabara suke shiga Rifablikan su yi aiki daga ciki. New Hampshire ita ce gwaji mafi girma: majalisar wakilanta kujera 400 ce, mazaɓu ƙanana, ana iya cin kujera da ƙuri'u 'yan dubbai ko ƙasa da haka, kuma tun 2003 wata tafiya ta 'yan Libateriyan ta zaɓe ta a matsayin jihar da za su yi ƙaura zuwa. A Maris 2012, lokacin da Rifablikan ke da gagarumin rinjaye a majalisar, an kawo ƙudurin soke auren jinsi, ya faɗi da ƙuri'a 211 da 116, da hannun 'yan Rifablikan masu yawa. Hanya ta biyu ita ce ƙuri'ar jeri, inda mai zaɓe ke sa lamba 1, 2, 3 a gaban sunaye, idan na farkonsa ya zo ƙarshe a mayar da ƙuri'arsa ga na biyu. Maine ta fara amfani da ita a 2018, Alaska a 2022, kuma yunƙurin soke ta a Alaska a 2024 ya faɗi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba. Inda take ɓaci shi ne idan mutum ya sa lamba ɗaya kawai ya tsaya, ƙuri'arsa ta mutu da faɗuwar gwaninsa, ko ya ba mutum biyu lamba ɗaya. Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da shi, ita ce ƙuri'ar raba gardama a kan doka kai tsaye. Nevada a 2020, sai Kalifoniya da Kolorado a 2024, sun cire haramcin auren jinsi daga kundin tsarin mulkinsu ta wannan hanya. A takarda ɗaya mutum zai iya cewa e a kan wannan, a'a a kan ƙarin haraji, ba tare da ya sayi kayan kowace jam'iyya a dunƙule ba.

Ajantina ta nuna cewa cin mulki ma ba ya warware rikicin. Javier Milei, mai kiran kansa ɗan Libateriyan, ya ci zaɓe a Nuwamba 2023 da kusan kashi 56. Da can yakan ce aure yarjejeniya ce tsakanin mutane. Amma jawabinsa na Davos a Janairu 2025, inda ya danganta masu neman jinsi da cin zarafin yara, ya fito da dubban mutane kan titunan Buenos Aires ranar 1 ga Fabrairu.

Akwai wuri ɗaya da wannan batu ya taɓa mu kai tsaye, kuma nan ne kuɗin goro ya fi ɓatar da mai karatu. Tun bayan umarnin Obama na Disamba 2011 da ya sa wannan al'amari cikin manufofin Amurka na ƙasashen waje, da dokar Najeriya ta Janairu 2014, da cire Uganda daga yarjejeniyar ciniki ta AGOA a farkon 2024, an saba ɗauka cewa duk wanda ke cikin rukunin LGBT yana goyon bayan a matsa wa Afirka da tallafi da takunkumi. Ɗan Libateriyan ba ya cikin wannan sahu. Yana adawa da dokokin ɗauri a ko'ina suke, amma aƙidarsa ta hana shi yarda gwamnatinsa ta yi amfani da kuɗin haraji ko takunkumi ta juya wata ƙasa. Sai dai kar a yi saurin murna, domin aƙidar da ta hana shi matsin lamba ita ce ta sa yake adawa da tallafin ƙasashen waje baki ɗayansa, har da irin shirin PEPFAR na 2003 da ya daɗe yana samar da maganin cutar ƙanjamau a asibitocin Najeriya.

Roƙonmu, ya Edita, shi ne idan wakilanka za su kawo alƙaluman wannan rukuni, su faɗi mutum nawa aka tambaya, su faɗi jihar da ake magana a kai da ƙa'idar zaɓenta, kuma su kira mutane da sunan da ke bayyana su ba na zagi ba, domin zagi yana rufe ido daga bambancin da ke tsakaninsu. Kujerar Sanata Jon Ossoff na Jojiya tana cikin na zaɓen Nuwamba 2026. Shi kansa ta zagaye na biyu ya shiga majalisa a Janairu 2021, bayan ɗan Libateriyan Shane Hazel ya samu kashi 2.3, ya tsayar da abokin karawar Ossoff, David Perdue na Rifablikan, a kashi 49.7. Wakilin da zai ba da rahoton Jojiya ya riƙa duba layi na uku a takardar sakamako.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu nazarin zaɓukan ƙasashen waje, Kano